Taƙin da Auta Ta Ƙara

Idan ka shiga gidan Auta, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu labule ko ɗaya da ya dace da tagarsa. Na falo ya yi wa tagar kaɗan, rana na leƙowa ta ƙasansa. Na ɗakin yara yana jan ƙasa, har ƙaramarsu ta mayar da gindinsa wurin ɓuya. Ƙofar kicin labule biyu ne a kanta, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa, alhali babu wanda ya ce kicin na bukatar ko guda. Baƙo zai ɗauka matar gidan ba ta san ɗinki ba. Ina! Labule ne sana'arta, kuma duk waɗannan na mutane ne da suka saya ta waya suka dawo mata da su.

Ita ce ta ƙarshe a wurin mahaifinsu, shi ya sa sunan Auta ya manne mata har ta haifi nata 'ya'yan. Mahaifin tela ne mai ɗan shago a bakin titi, 'ya'yansa biyu kacal, duk mata. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya har da waɗanda suka girme ta, ita ta ɗauko haƙurinsa. Za ta hau keken ɗinki da safe, ba za ka ƙara jin ɗuriyarta ba sai ƙarar keken. Auta ta ɗauko idonsa da hannunsa na yanka, amma zama ko kaɗan ba ta ɗauko ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gaida baƙi. In aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo tambayar me ma aka ce ta sayo. Uban yakan ce ranar da yake son ganin Auta a zaune sai dai ya ɗinke rigarta da kujera.

Tunda ba ta zama, sai ya riƙa tafiya da ita gidajen mutane awon taga, ita ke riƙe masa bakin tef. A nan ta koyi abin da ya shiga jininta. Tsohon bai taɓa sa almakashi a yadi don kawai kwastoma ya kawo awo a takarda ba. Zai karɓi takardar da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu, sannan ya ɗauki tef ɗinsa ya ce a kai shi ya ga tagar. Kuma kusan kullum awon takardar gajere ne, domin mutane gilashin suke aunawa, su manta cewa labule daga ƙarfen sama yake farawa, ƙasa kuma ya nufa.

Bayan rasuwarsa shagon bai daɗe ba, mai ginin ya karɓe abinsa. Yaya ta samu aiki a wani kamfani da ke ɗinka kayan makaranta, ta yi shekaru a kan keke guda, har ta kai in ɗinki ya gagara ita ake kawo wa. Da wannan albashin ta riƙe 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu. Auta kuwa ta auri mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali kamar abin da yake gyarawa, ta yi ta shiga sana'o'i tana fita. Ta yi sabulu, ta sari jakunkuna, ta yi kiwon kaji, da suka cika mata gida da wari ta kwashe su ta sayar rana guda. Mijin ba ya hana ta. In ta zo da sabuwar shawara sai ya ce, "To madalla. Ita kuma wannan yaushe za mu yi jana'izarta?"

Labule ne kaɗai ya riƙe ta, shi ma don kasuwar intanet ce ta zo da shi. Wata maƙwabciya ta nuna mata yadda ake buɗe shago a manhajar wata babbar kasuwa: ka ɗora hoto, mai so ya zaɓi yadi, ya rubuta tsawo da faɗin tagarsa, ya biya, mai babur ya zo ya karɓi ƙunshin ya kai masa. Babu haya, babu zaman jiran kwastoma. Sai ka ce don Auta aka ƙirƙiro sana'ar. Tana yanka tana duba waya, tana duba tukunya tana amsa saƙo. Masu saye suka riƙa ba ta taurarin yabo, taurarin suka riƙa tura shagonta sama, har oda ta fi ƙarfin hannu biyu. Sai ta nufi gidan Yaya.

"Ki baro musu kekensu, Yaya. Har yaushe za ki yi ta taka keken wani? Ni in yanka, ke ki ɗinka, kamar zamanin Baba."

"Auta, albashin nan ba yawa, amma yana zuwa."

"Wannan ma yana zuwa, har ya fi shi zuwa. Kalli nan." Ta dangwara mata wayar a gaban ido.

"Ni ban ga komai ba sai taurari. Taurari ake ci?"

"Wallahi yanzu su ake ci."

Yaya ta yi ta jan ƙafa wata da watanni, Auta ta yi ta zarya, yau da yadi gobe da hoto, har Yaya ta gaji ta ajiye aikin. Aka kwashe kujerun ɗakin baƙi na gidan Auta, aka sa teburin yanka da keke. Daga ranar, shagon nan da ke cikin waya shi ke ciyar da gidan Yaya gaba ɗaya, kuma Auta ba ta taɓa mantawa ba cewa ita ta jawo hakan.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu kasuwar ta sauya doka, ta aiko da dogon bayani da ya fara da "abokan hulɗarmu masu daraja", kuma duk saƙon da ya fara haka sai mutum ya gyara tsayuwa. Daga yanzu mai saye na da 'yan kwanaki bayan kaya sun isa hannunsa. In ya ga dama ya danna mayarwa, ya zaɓi dalili cikin waɗanda aka jera masa, a mayar masa da kuɗinsa. Ba a tambayar mai sayarwa, kuma kuɗin kaiwa da na dawowa duk a wuyanta. Wanda ya zauna ya tsara dokar nan cajar waya da kofunan shayi yake tunani, kayan da in an dawo da su sai a mayar kan kanta a jira wani. Labule kuwa taga guda aka yanka wa shi a duk duniya. In ya dawo, ya dawo ke nan.

Suka kuwa fara dawowa. Mai babur ɗin da a da in ya yi hon Auta ke fita da gudu, yanzu sai ta fara leƙawa ta ga ko da ƙunshi a bayansa. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: "Bai yi daidai da bayani ba." Sai ta shimfiɗa labulen a tebur, ta ja tef, ta ga daidai yake da abin da aka rubuto mata, ko gashi bai ragu ba. Awon ne tun farko na banza. Wata da igiyar caja ta auna. Wani ya tsaya jikin tagar ya ƙiyasta da tsayinsa. Akwai wadda ta dawo da labule mai kauri ruwan zinariya yana ƙamshin turare, ga hujin fil a jere, ga ɗigon lemo a gefe, kowa ya gani ya san an ƙawata wurin walima da shi an gama ɗaukar hoto. Ita ma cewa ta yi bai yi daidai da bayani ba.

Auta ta kira ofishin kasuwar ya fi a ƙirga. Wata murya da aka naɗa takan yi ta gode mata saboda haƙurinta, ita da ba ta da shi, sannan a sa mata kiɗa. Takan maƙale wayar a kafaɗa ta yi ta kaiwa da komowa tsakanin teburin yanka da ƙofa. In an yi sa'a mutum ya ɗauka, wata yarinya ce mai ladabi da za ta ce ta fahimci damuwarta ƙwarai, amma tsari ne, ba su da ikon taɓa shi. Auta ta tura hoton tef a kan yadi, ta tura hoton ɗigon lemo. Amsa ɗaya ake aiko mata, har ta haddace ta tana karanta wa mijinta da muryar yarinyar.

Wata safiya ta buɗe shagon ta ga jan layi a samansa. Gargaɗi ne. Kayan da ake dawo mata da su sun kusa kai iyakar da aka yanke, in suka wuce za a rufe shagon, taurarin su bi iska, kuma ba a sake buɗe wa mutum ɗaya wani. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dubi Yaya da ke sunkuye tana zura zare a allura. Ba ta faɗa mata ba sai da yamma, shi ma a gurguje, kamar ba wani abu ba ne. Yaya ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da ninke yadi. Wannan shirun ya fi faɗa damun Auta.

Nan ta shiga farautar wata kasuwar. Ta ji labarin wata ƙarama da 'yan kasuwa irinta suka kafa don haushi, wadda ba ta yarda a dawo da kayan da aka yi wa mutum a kan awonsa. Auta ta yi rajista jiki na rawa, ta ɗora hotuna, ta jira. Ashe duk wanda ke cikin kasuwar mai sayarwa ne. Mai jaka na yaba labulenta, ita tana yaba jakarsa, mai zanen gado na yaba su duka, babu mai sayen ko zare. Ta koma dandalin hotuna, inda aka ce mata sai da bidiyo. Mijin ya riƙe waya, ita tana buɗe labule tana rufewa tana murmushin dole, aka gama aka tarar rabin hoton babban yatsansa ne. Mutane suka yi ta rubuto "nawa?", in ta faɗa su ɓace ɓat. Ta buɗe zauren hira a waya ta tara dangi da maƙwabta, suka cika shi da addu'a da gaisuwar safe da hotunan jikoki. Har wani mai harkar kwamfuta ta biya ya gina mata shafi nata na kanta. Da ta tambaye shi me ya sa shafin ke nuna ana ziyartarsa kullum amma babu oda, sai ya duba ya ce, "Hajiya, ai ke ce mai ziyarar."

Gaskiyar da ta ƙi haɗiyuwa ita ce masu saye duk suna babbar kasuwar, kuma dokar nan da ke kashe Auta ita ce ta tara su a can. Ta tsani manhajar, ta kuma kasa ajiye wayar. Ta rame, ta zama mai saurin faɗa, yaranta suka koyi lallaɓawa ta bayanta in sun gan ta da tef a wuya. Mijin ya ce ta kwantar da hankalinta, su lallaɓa da abin da yake samu. Ta ce, "Ni ka ciyar da ni, na ji. Yaya fa? Ita firji za ta ci?"

Dabarar ta zo mata ne tana tsaye a kan wani labule da aka dawo da shi wai ya yi gajere. Tunda ba ta da halin zuwa ta ga tagar yadda Baba ke yi, kuma ta san inda mutane ke kuskure, me zai hana ta gyara musu kuskuren daga nan? Sai ta fara ƙara taƙi guda, wato buɗin hannunta daga babban yatsa zuwa na tsakiya, a kan duk tsawon da aka rubuto. Ba ta rubuta a shagon ba, ba ta gaya wa kowa ba, har Yaya, wadda abin da aka yanko mata kawai take ɗinkawa. Wanda ya auna gilashi, labulensa ya zo masa daidai, ya yi ta alfahari da iya awonsa. Wanda ya ɗan kusanci gaskiya, nasa ya ɗan taɓa ƙasa, ya ce ai haka ake yayi. Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Mai babur ya koma zuwa hannu rabbana yana tafiya da kaya, taurari suka ƙaru. Jan layin yana nan, amma ya daina tsinka mata zuciya. Auta ta fara jin ta fi kasuwar wayo, ta kuma fi kwastomomin sanin gidajensu.

Ana haka sai ga oda irin wadda ba su taɓa samu ba. Wani dattijo ne ya gina ƙaramin masauki a wani gari da ba shi da nisa sosai, yana son labulen duk ɗakunan, yadi iri ɗaya, kore mai duhu. Ya rubuto awon kowace taga dalla-dalla, har da rabin inci da kwata. Auta ta daka tsalle ta kai wa Yaya wayar. Yaya ta sa tabarau, ta bi awon a hankali, ta ce, "Wannan mutumin ya san tef."

"Duk haka suke, Yaya. Masu rubuta kwatan nan sun fi kowa shirme."

Ta sayo yadi bandir-bandir, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗauki alli. A kan na farko hannunta ya ɗan tsaya. Ta tuna jan layin. Ta tuna in wannan odar ta zo gajere babu abin da zai cece su, domin yadin da aka yanke ba ya ƙaruwa. Ta buɗe hannu ta ƙara taƙin, ta sa almakashi, daga nan ba ta sake tsayawa ba.

Yaya ce ta ankara, da yake wannan karon ta ga awon da idonta. Ta ɗora tef a kan wanda za ta kalmasa, ta sauke ƙafa daga keke.

"Auta, wannan ya fi abin da ya rubuto."

Auta na bakin ƙofa da waya a hannu. In ta tsaya bayani, sai ta faɗi tun yaushe take wannan ƙarin, kuma ta san irin kallon da Yaya za ta yi mata. Bakinta ya riga ta.

"Ya kira ni jiya. Ya ce a ƙara, wai an ɗaga ƙarafen sama."

"To," in ji Yaya, ta mayar da ƙafarta kan keke.

Kaya suka tafi cikin manyan kwalaye. Ba a jima ba, wani hantsi wayar Auta ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Kasuwar ba oda take ƙirgawa ba, guda-guda take ƙirga kaya, don haka kowane labule da nasa saƙon: an nemi mayarwa, an nemi mayarwa, an nemi mayarwa. Bai yi daidai da bayani ba. Karo na farko tun da aka kafa dokar, maganar gaskiya ce.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ce wa Yaya wai labulen sun yi tsawo, ta ɗauko ƙaramin keke da fil da zare su je su rage. Suka shiga mota. Duk hanyar bayan Auta bai taɓa kujera ba, in direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai ta ja tsaki, har wata mata ta tambaye ta ko asibiti za su.

Masaukin sabo ne fil, warin fenti bai gama fita ba. Dattijon gajere ne tsaf-tsaf, biro a aljihun gaba, ya amsa gaisuwarsu ba yabo ba fallasa ya kai su ɗakin farko. Ga labulen a rataye, kore mai kyau, ɗinkin Yaya kamar an ja da rula, gindinsa kuwa kwance a kan tayil taƙi guda cur.

"Baiwar Allah," in ji shi, "ni aikina ke nan har na yi ritaya, awon filaye. Tagogin nan na auna, na sa kafinta ya sake bi. Me ya kawo wannan rarar?"

"Ranka ya daɗe, laifinmu ne," in ji Auta. "Mun zo da keke, yau ɗin nan za mu rage su duka, ko sisi ba za ka ƙara ba."

Yaya ta riga ta durƙusa ta fara naɗe gindin labulen, fil a bakinta. Ta cire su ta ce cikin ladabi, "Ko dai ƙarafen ne ba a samu ɗagawa ba, ranka ya daɗe? Tunda ka kira ka ce a ƙara."

"Na kira wa? Ni ban kira kowa ba. Ƙarafen nan tun da aka kafa su ba a taɓa su ba."

Yaya ba ta ɗago ta dubi ƙanwarta ba. Ta mayar da fil ɗin baki, ta ci gaba da naɗewa tana daidaita gindin da tayil. Kunya ta lulluɓe Auta daga kai har ƙafa. Da Yaya ta tashi ta wanke ta da mari a gaban mutumin, da ya fi mata sauƙi.

Dattijon ba mugu ba ne. Da ya ga labulen farko ya koma daidai, yana shafar iska a saman tayil, sai ya sauko. Ya ce shi ma ba mayarwa ya yi niyya ba, ƙorafi yake son yi, ya duba manhajar bai ga wurin ƙorafi ba sai madannin mayarwa, shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya danna. Da Auta ta gaya masa abin da dannawar za ta jawo wa shagon, ya ce subhanallahi, ya fito da wayarsa ya ce ta nuna masa inda ake fasawa. Suka haɗa kai suka bincike manhajar ciki da bai. Babu inda ake fasawa.

Sai ya kira ofishin da kansa, ya sa wayar a sifika ya ajiye kan gado. Muryar nan ta gode masa saboda haƙurinsa, kiɗa ya biyo baya, Auta na zagaye gadon, Yaya na can gindin taga keke na tafiya. Can yarinyar ta ɗauka.

"'Yata, ni ne mai kayan," in ji dattijon. "Na fasa mayarwa. Ga masu ɗinkin nan a gabana suna gyarawa, ina son abina."

"Na fahimce ka ƙwarai, ranka ya daɗe. Sai dai an riga an amince da buƙatarka. Za a zo a karɓi kayan, a mayar maka da kuɗinka. In kana so, sai ka sake yin oda a shagon."

"To ba shi ke nan ba? Sai in sake."

Aka ji ƙarar madannai a can ɓangaren.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. An rufe shagon ɗazu."

Dattijon ya ɗaga murya, ya ce a haɗa shi da babbansu, ya ce shi da aka ce an cuta ya ce ba a cuce shi ba, to wa ake kare wa haƙƙi? Yarinyar ta ce ta fahimta, amma na'ura ce ta ƙirga ta yanke. Auta ta buɗe tata wayar. Inda hotunan labulenta da taurarinta suke, yanzu farin fili ne da layi ɗaya na rubutu. Ƙarar keken Yaya ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Sun gama ragin a ranar. Aka zo aka kwashe labulen bisa doka, aka zaga da su sito, aka sauke su a ƙofar Auta, ta sake ɗaukar su a mota ta mayar wa dattijon, ya biya ta hannu da hannu har da kuɗin mota. Suna can a rataye, babu wanda zai gan su bai yaba ba. Shagon dai bai dawo ba. Auta ta ɗaukaka ƙara har ta gaji da rubutu. Ta buɗe wani da sunan mijinta, kasuwar ta gane adireshin ta rufe shi kafin a ɗora hoto na biyu. Ta koma kan ƙananan kasuwannin nan da ta raina, ta bi gidaje da tef a jaka, dattijon ma ya haɗa ta da wani abokinsa. Ana samun aiki jefi-jefi, wanda zai ishi mutum ɗaya ya rage zafi, amma ba zai riƙe gida ba.

Yaya ta ci gaba da zuwa kullum da safe. Ta share ɗakin, ta zuba wa keke mai, ta zauna ta harɗe hannu. Maganar kiran nan ko sau ɗaya ba ta tayar ba. Da lokacin komawa makaranta ya matso, yaranta na bukatar takalma da littattafai, sai ta ce wa Auta ta je tsohon kamfaninsu ta yi magana, sun ce ta zo ta fara.

Auta ta nace sai ta raka ta. Suna tafe a gefen titi da sanyin safiya, masu shaguna na ɗaga ƙofofi, Auta ta yi ta juya maganar a baki har suka hango ginin.

"Yaya, maganar kiran nan da na ce ya yi..."

"Bar ta, Auta." Ba ta rage tafiya ba. "Da kin ce min ke kika ƙara, da na cinye rarar a kalmasa, babu wanda zai sani. Shi ke nan abin da ya tsaya min."

A bakin ƙofar kamfanin wata matashiya ta fito da gudu ta rungume Yaya tana "Mama, Mama". Yaya ce ta koya mata zura zare lokacin da ta zo ba ta san komai ba, yanzu ita ce mai kula da layin masu ɗinki. Bayan an gama gaisuwa sai matashiyar ta fara murza yatsu. Ta ce kekuna duk da mutane a kai, manaja ya ce sai dai a fara da bencin bakin ƙofa, inda sababbin zuwa ke zama suna yanke zaren da ya yi saura a jikin riguna, in Allah ya sa wani keke ya samu sai a duba.

"Wallahi Mama na yi magana, ya ƙi ji."

"Ba komai, 'yata. Nuna min wurin."

Auta ta leƙa ta tsakanin ƙarafen ƙofa, hawaye na zubo mata ba ta ko share ba. Ta ga 'yan matan bencin, sa'o'in 'yar Yaya ta fari, sun matsa sun ba ta gefe. Aka ajiye mata tulin riguna a gaba, aka miƙa mata ɗan ƙaramin almakashi. Yaya ta sa tabarau, ta jawo rigar farko, ta juya ta ciki ta fara neman zare.